Tsarkaka da Shahidai a Cikin Ibadarmu ta Kowace Rana



Akwai wata tambaya da jama'armu na ƙasar Matazu, Musawa, Malumfashi, Ƙafur da Funtuwa suke yawan gamuwa da ita a kasuwa da gona, har ma a cikin gida ɗaya inda wa yake ɗan ECWA, ƙane kuwa ɗan Katolika. Tambayar ita ce: don me kuke kiran sunayen waɗanda suka mutu a cikin addu'arku? Da yawa daga cikinmu mukan yi shiru domin ba mu san ta inda za mu fara ba da amsa ba. A 'yan shekarun nan kuma wata tambaya mai nauyi ta ƙaru, wadda take fitowa daga cikin zukatanmu: sa'ad da aka kashe namu, ta wace hanya za mu riƙa tunawa da su? Amsar tambayoyin nan biyu ɗaya ce. Muna girmama tsarkaka da shahidai kowace rana domin mu koyi halinsu, mu kuma sami taimakon addu'arsu, har mu iya tsayawa kamar yadda suka tsaya.

1. Su wane ne tsarkaka?

A cikin wasiƙunsa, Manzo Bulus yakan kira dukan waɗanda aka yi wa baftisma tsarkaka, wato keɓaɓɓu na Allah, ko da yake ya san kasawarsu sarai. Amma tun zamanin farko Ikilisiya ta riƙa ba da wannan suna musamman ga waɗanda suka gama tafiyarsu cikin bangaskiya, suna gaban Allah yanzu. Mukan kuma ce da su waliyyai. Wannan kalma sananniya ce a ƙasar Katsina, gama kowa ya ji labarin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman Musulunci na birnin Katsina a ƙarni na 17, waɗanda har yau ake ambatonsu da daraja. Asalin ma'anar kalmar shi ne makusanci, wato aminin Allah. Koyarwarmu ta bambanta da ta maƙwabtanmu Musulmi a kan abubuwa da dama, amma ma'anar kalmar ta dace da abin da muke nufi: waliyyi mutum ne kamarmu, wanda alherin Allah ya jawo shi kusa.

Sa'ad da muke furta bangaskiyarmu mukan ambaci zumuntar tsarkaka. Majalisar Vatikan ta Biyu ta bayyana wannan a shekarar 1964, inda ta koyar cewa Ikilisiya iyali ɗaya ce. Za mu iya kwatanta ta da babban gida mai sassa uku: sashen waɗanda suke cikin tafiya a duniya, sashen waɗanda suka mutu ana tsarkake su, da sashen waɗanda suke cikin ɗaukaka. Mutuwa takan kai mutum daga wannan sashe zuwa wancan, amma yana nan a cikin gidan. Yesu da kansa ya nuna wa Sadukiyawa cewa Ibrahim, Ishaku da Yakubu suna raye a wurin Allah (Markus 12). Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kwatanta masu bangaskiya na dā da babban taron shaidu da suka kewaye mu (sura 12). A cikin Ru'ya ta Yohanna kuwa an ga dattawa a sama suna miƙa addu'o'in masu bi kamar turare (sura 5). Saboda haka waɗanda muke kira rayayyu ne, sun ma fi mu rai.

2. Sujada dabam, girmamawa dabam

Zargin cewa Kiristoci suna bauta wa matattu tsohon zargi ne. Wajen shekara ta 155, a birnin Simirna, wanda yau ake kira Izmir a ƙasar Turkiyya, aka kashe tsohon Bishop Polikarfus, almajirin Manzo Yohanna, domin ya ƙi musun Kristi. Magabta suka nemi a hana masu bi gawarsa, wai kada su bar Yesu su koma bauta wa Polikarfus. Masu bi na Simirna suka rubuta wa 'yan'uwansu labarin, suka bayyana cewa Kristi kaɗai suke yi wa sujada domin shi Ɗan Allah ne, shahidai kuwa suna ƙaunarsu ne domin almajirai ne masu koyi da Ubangiji. Suka tattara ƙasusuwansa suka ajiye da daraja, suka kuma ƙudura su riƙa taruwa a wurin kowace shekara a ranar da ya mutu. Daga irin wannan taro ne bukukuwan tsarkaka suka samo asali, haka kuma al'adar ajiye ƙasusuwan shahidai a ƙarƙashin bagadi. Wannan ne ma dalilin da ya sa yawanci ranar bikin waliyyi ita ce ranar mutuwarsa, gama Ikilisiya tana ɗaukarta ranar haihuwarsa a sama.

A shekara ta 787 Majalisar Nikiya ta Biyu ta ƙara tabbatar da wannan bambanci game da hotuna da siffofi. Ta koyar cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai, darajar da ake ba hoto kuwa tana wucewa zuwa ga wanda hoton yake nunawa. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Yaro yakan durƙusa ya gai da mahaifinsa, talaka yakan tuɓe takalmi a gaban hakimi, ba wanda ya taɓa cewa sun yi shirka. Matar da mijinta ya rasu takan ajiye hotonsa a ɗaki, ta share masa ƙura, ta kuwa san takarda ce. Haka siffar Budurwa Maryamu ko ta Waliyyi Yusufu take a majami'a. Wanda ya ɗauka akwai iko a cikin siminti ko itacen, ya kauce daga koyarwar Ikilisiya.

Akan ce mana kuma, ai matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane. Gaskiya ne, haka muka gaskata, haka kuma Bulus ya koya wa Timoti (1 Timoti 2). Amma a farkon wannan sura ɗin Bulus ya umarci masu bi su riƙa yi wa dukan mutane addu'a da roƙo. Uwar da ɗanta yake kwance, ta je ta roƙi Zumuntar Mata su yi masa addu'a, ba ta ture Yesu gefe ba. In kuwa ya halatta mu nemi addu'ar ɗan'uwa mai zunubi irinmu, yaya zai haramta mu nemi ta wanda ya riga ya isa gaban Allah? Ku lura da kalmominmu a lokacin ibada: Allah muke roƙo ya ji tausayinmu, tsarkaka kuwa muna roƙonsu su yi mana addu'a. Waliyyi ba ya ba da ruwan sama, ba ya ba da haihuwa, ba ya gafarta zunubi. Yana roƙo ne tare da mu, ta wurin Kristi.

3. Rosari da lambar wuya ba laya ba ne

Wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan. Kakannin da yawa daga cikinmu sun rayu cikin tsoron iskoki, suna neman tsari ta wurin laya, guru da kambu. A lokacin tsoro irin wanda muke ciki, tsohon tunani yakan dawo sanye da sabuwar riga. Sai ka ga mutum ya rataya rosari a wuya ko a kan babur, bai taɓa yin addu'a da shi ba, yana dai gani zai kare shi daga harsashi. Wani yakan binne lambar waliyyi a kusurwar gona yadda ake binne asiri. Bambancin a fili yake. Mai laya yana so ya mallaki wani iko ya juya shi yadda yake so. Mai bi kuwa yana miƙa kansa ga nufin Allah, lambar da ke wuyansa tana tuna masa wanda ya yi alkawari zai bi. Tsarkaka da kansu ba su tsira daga cuta ko takobi ba. Abin da suka tsira daga gare shi shi ne musun Ubangiji.

Mai Albarka Benedict Daswa ya isa misali. Shugaban makarantar firamare ne kuma katekis a ƙasar Afirka ta Kudu, magidanci mai 'ya'ya takwas. Da aradu ta ƙone bukkoki a ƙauyensu, dattawa suka yanke shawara kowa ya ba da kuɗi a je wurin boka ya nuna mayen da ya jawo ta. Daswa ya ƙi bayarwa, domin ya san za a ɗora wa marar laifi. A ranar 2 ga Fabrairu 1990 aka tare shi a hanya aka kashe shi. An ayyana shi Mai Albarka a 2015. Wanda yake kiran sunan irin wannan mutum da safe, da wace fuska zai je wurin boka da dare?

4. Shahidai, da namu na gida

Kalmar shahidi da kalmar shaida tushensu ɗaya. Shahidi shi ne wanda ya ba da shaidar Kristi har da ransa. Na farkonsu Istifanus ne, alamar da ya bar wa dukan masu zuwa bayansa kuwa ita ce, ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara (Ayyukan Manzanni 7). Nahiyarmu ta ba da irinsu tun da wuri. A shekara ta 203, a birnin Kartaj na ƙasar Tunisiya ta yau, aka jefa wa namun jeji Perpetuwa, mace mai shayarwa 'yar manyan gida, tare da Felisita, baiwa wadda ta haihu a kurkuku. Har yau sunayensu suna cikin Addu'ar Yukaris ta Farko. Tsakanin 1885 da 1887 Sarki Mwanga na Buganda ya kashe 'yan Katolika 22 tare da wasu 'yan Anglika. An ƙone Charles Lwanga da abokansa a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886, ƙaraminsu Kizito bai wuce shekara 14 ba. Fafaroma Bulus na Shida ya ayyana su tsarkaka a 1964. Tertuliyan, marubucin Kartaj, ya kwatanta jinin Kiristoci da iri, manomi kuwa ya san iri sai an binne shi yake tsiro.

Yanzu labarin ya iso ƙofar gidanmu. A ranar 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da firistoci ta Makiyayi Mai Kyau a Kaduna, suka sace ɗalibai huɗu. Uku sun dawo, amma aka kashe Michael Nnadi, ɗan shekara 18, ɗalibin Dayosis na Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa har da ƙasarmu ta Katsina. A daren 20 ga Mayu 2021 aka kai hari majami'ar Waliyyi Vincent Ferrer a Malumfashi, washegari aka tsinci gawar Fada Alphonsus Bello a gona, bayan makarantar horar da katekis. A watan Mayu 2022 aka sace firistoci biyu da yara biyu a Gidan Maikambo ta ƙasar Ƙafur, Allah ya sa suka dawo da rai. Ban da waɗannan akwai manoma, mata da yara masu yawa waɗanda sunayensu ba su shiga jarida ba.

Yaya za mu tuna da su? Da fari, kada mu riga Ikilisiya yanke hukunci. Kafin a kira mutum shahidi a cikin ibadar jama'a, sai an tabbatar an kashe shi ne saboda ƙiyayya ga bangaskiya, shi kuma ya karɓi mutuwar cikin aminci ga Kristi. Bisa ƙa'ida akan jira shekara biyar bayan mutuwarsa, sa'an nan bishop ya buɗe bincike, a saurari shaidu, a aika da takardu Roma. Kafin a ayyana mutum Mai Albarka ba a sa hotonsa a bagadi, ba a kuma yi masa biki a Misa. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu yi musu addu'a, mu sa a yi Misa dominsu, mu kula da gwaurayen da marayun da suka bari, mu kuma rubuta abin da muka sani game da rayuwarsu tun shaidu suna da rai. Da masu bi na Simirna ba su rubuta ba, da ba mu san Polikarfus ba.

Na biyu, kada tunawa da su ta zama makamashin ƙiyayya. Masu iya magana sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ba a taɓa samun shahidi ɗaya da ya bar wasiyyar a rama masa ba. Wanda ya ɗauki sunan mamaci ya hura wutar gaba da shi, ya ci amanarsa. Mu tuna kuma cewa wannan masifa ba ta tambayar addini kafin ta shiga gari. A watan Agusta 2025 'yan bindiga sun kashe masu sallar asuba da yawa a masallacin Unguwar Mantau, a ƙasar Malumfashi. Hawayen iyalansu da namu iri ɗaya ne. Gafara ba ta hana mu neman adalci da tsaro daga hukuma, haƙƙinmu ne, mu kuma neme shi da murya ɗaya tare da maƙwabtanmu. Abin da take hanawa shi ne mu ɗora laifin mugaye a kan wata kabila ko wani addini gaba ɗaya.

5. Abin da za mu yi kowace rana

Ba wanda ya zama shahidi a rana ɗaya. Lwanga ya daɗe yana koyar da yaran fada yana kare su kafin ranar wuta ta zo. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga waɗansu hanyoyi da kowane gida zai iya bi, ko da a ƙauyen da Fada ba ya isa sai bayan makonni.

Na ɗaya, kowa ya san waliyyin sunansa. Ɗanladi, Talatu da Asabe sunaye ne masu kyau, Ikilisiya ba ta hana su ba. Amma in an ƙara maka Bitrus ko Monika a ranar baftisma, ka nemi labarinsa wurin katekis, ka san ranar bikinsa, ka riƙa neman addu'arsa da safe. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na biyu, mu san waliyyan majami'unmu. 'Yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka ne aka danƙa wa yankin Sakkwato da Katsina a 1953, shi ya sa muke da sunayen tsarkakan ƙungiyarsu. Vincent Ferrer mai wa'azin tuba ne daga Sifen, ya rasu a 1419. Martin de Porres, wanda babbar majami'armu ta Katsina take ɗauke da sunansa, an haife shi a birnin Lima na ƙasar Peru a 1579, ɗan wata baƙar mace da aka 'yanta daga bauta. An rena shi saboda launinsa, ya yi rayuwarsa yana shara, yana aski, yana jinyar marasa lafiya da matalauta. Sa'ad da Fafaroma Francis ya kafa Dayosis na Katsina ranar 16 ga Oktoba 2023, aka kuma keɓe Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ranar 12 ga Disamba na wannan shekara, kujerarsa tana cikin majami'ar wannan bawan talakawa ne. Wannan darasi ne gare mu duka.

Na uku, mu bi kalandar Ikilisiya yadda muke bin lokutan noma. A cikin hunturu, 20 ga Janairu, muna tuna Mai Albarka Cyprian Michael Tansi, firist ɗan Nijeriya daga Aguleri, wanda Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana Mai Albarka ranar 22 ga Maris 1998 kusa da Onitsha. Ranar 8 ga Fabrairu ta Josefin Bakhita ce, 'yar Darfur wadda aka sace tana ƙarama aka sayar da ita, daga baya ta zama sista a Italiya ta gafarta wa masu sace ta. Gidan da aka sace wani nasu ya riƙe sunanta. Ranar 15 ga Mayu, ana dab da shuka, ta Isidor manomi ce, ɗan ƙodago a gonar wani mai arziki kusa da Madrid, wanda yakan fara da Misa kafin ya kama garma, ya kuma raba abincinsa da mayunwata. Ranar 3 ga Yuni ta shahidan Uganda ce. A tsakiyar marka, 15 ga Agusta, muna bikin ɗaukar Budurwa Maryamu zuwa sama. Da kaka, 1 ga Nuwamba, bikin Dukan Tsarkaka ne, har da waɗanda Allah kaɗai ya san sunayensu, washegari kuma mu yi wa dukan matattunmu addu'a.

Na huɗu, bayan tuwon dare maigida ya tara iyali, a karanta ɗan sashe na Littafi Mai Tsarki, a yi rosari ko da gida ɗaya ne, a kira sunayen waliyyan mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, a rufe da addu'a domin waɗanda suke hannun masu garkuwa, da kuma tuban masu garkuwar. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, shi ne kuma abin da Istifanus ya yi.

Na biyar, kowa ya zaɓi hali ɗaya na waliyyinsa ya aikata. Mai awon hatsi ya cika mudu. Mai ba da bashi a lokacin bazara kada ya shaƙe ɗan'uwansa da kaka. Uwar da ɗanta ya lalace ta yi naci cikin addu'a kamar Monika, wadda ta yi shekaru tana kuka kafin ɗanta Agustin ya tuba. Girmamawar da ba ta kai ga koyi ba, kirari ne kawai.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

1. Da waɗanne kalmomi za ka bayyana wa maƙwabcinka bambancin sujada da girmamawa, ba tare da gardama ba?
2. Ta yaya za mu gane cewa rosari ko lambar wuya ta fara zama mana laya?
3. Su wane ne a ƙauyenku suka rasu da shaidar kirki, wa zai ɗauki nauyin rubuta labarinsu?
4. Wace gwauruwa ko wane maraya ne ƙungiyarku za ta taimaka wa a wannan shekara?

Mu yi addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ne ka ba tsarkakanka ƙarfi suka tsaya har ƙarshe. Ka karɓi 'yan'uwanmu da aka kashe a gonaki da gidaje da hanyoyin ƙasarmu, ka ta'azantar da waɗanda suka bari. Ka tsare zukatanmu daga tsoro da ramuwa, ka juyo da masu zub da jini zuwa ga tuba. Bari addu'ar Budurwa Maryamu, da ta Martin, Bakhita, Lwanga da Tansi ta raka mu, har ran da za ka tara mu da su a gida ɗaya. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.